Yadda Mai Batirin Zuciya Zai Yi Hoton MRI Cikin Aminci

Shekaru da yawa an ɗauka cewa duk wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, wadda jama'a suka fi sani da batirin zuciya, ya yi bankwana ke nan har abada da hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da inji mai maganaɗisu mai ƙarfi. Haka aka koyar da likitoci, haka aka manna a ƙofar ɗakin hoton, haka kuma ake faɗa wa majinyaci ranar da za a sallame shi bayan tiyata. A wancan zamani maganar tana da hujja, domin ba a ƙera na'urorin farko don su jure wa maganaɗisu mai ƙarfi ba, kuma an samu waɗanda suka rasa rayukansu bayan an shigar da su injin ba tare da wani shiri ko sa ido ba. Yau al'amarin ya sauya. Mafi yawan masu batirin zuciya suna iya yin wannan hoto lafiya lau, amma fa ba kamar yadda sauran mutane ke yin sa ba, wato a zo, a kwanta, a tashi a tafi. Sai an bincika na'urar tukuna, an sauya mata saiti kafin shiga, an sa wa zuciya ido a tsawon lokacin ɗaukar hoton, sannan a mayar da na'urar kan saitinta bayan an fito. Amincin duka yana cikin waɗannan matakai ne, kuma majinyaci yana da nasa rabon aikin a cikinsu.

Dalilin da ya sa batun ya cancanci wannan ɗawainiya shi ne akwai abubuwan da MRI ke nunawa ƙarara waɗanda sauran hotuna ba sa iya fito da su sosai: ƙwaƙwalwa, laka da jijiyoyin da ke fita daga cikinta, guringuntsi da jijiyoyin gaɓoɓi, hanta, da ƙari tun yana ƙarami. Yawancin masu batirin zuciya manya ne, kuma shekarun da ke kawo raunin bugun zuciya su ne dai ke kawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon baya da ciwon daji. An kiyasta cewa tsakanin rabi da kashi uku cikin huɗu na masu irin wannan na'ura za su buƙaci MRI wata rana a rayuwarsu. Hana mutum hoton da zai bayyana cutarsa shi ma cutarwa ce, ko da yake ba a ganinta nan take.

Abin da ke tsakanin injin da batirin

Wanda ya fahimci inda haɗarin yake zai fi gane amfanin kowace tambaya da za a yi masa. Batirin zuciya kashi biyu ne. Akwai ɗan akwatin ƙarfe da ake sakawa ƙarƙashin fata a saman ƙirji, kusa da kafaɗa, wanda ke ɗauke da batiri da 'yar ƙaramar kwamfuta. Akwai kuma waya ɗaya ko biyu ko uku da ake zurawa ta jijiyar jini har bakinsu ya kama naman zuciya daga ciki. Aikin na'urar biyu ne: tana sauraron bugun zuciya, idan kuma ta ji bugun ya yi jinkiri sai ta aika da ɗan ƙaramin lantarki ta cikin wayar don ta tayar da shi.

Injin MRI kuwa yana aiki da ƙarfi iri uku. Na farko shi ne babban maganaɗisu, wanda ake auna ƙarfinsa da tesla. Yawancin injinan asibiti tesla 1.5 ne ko tesla 3, kuma mai 1.5 ɗin ya ninka ƙarfin maganaɗisun duniya kusan sau dubu talatin. Wannan maganaɗisu a kunne yake dare da rana, ko ana ɗaukar hoto ko ba a ɗauka, shi ya sa mai batirin zuciya ba ya leƙa ɗakin ko da rakiya ce ta kawo shi. Mutane sun fi jin tsoron cewa maganaɗisun zai fizgo akwatin daga ƙirji, amma wannan shi ne mafi ƙanƙantar haɗari a na'urorin zamani, saboda ƙarfen da maganaɗisu ke ja kaɗan ne a cikinsu. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ya taɓa wani ɗan makunni da ke cikin akwatin, na'urar ta sauya yadda take aiki ba da izinin kowa ba.

Ƙarfi na biyu shi ne ƙananan maganaɗisun da ke kunnuwa suna mutuwa cikin sauri, su ne ke haddasa ƙarar nan mai kama da bugun guduma. Na uku shi ne igiyar rediyo da injin ke aikawa cikin jiki. Waɗannan biyun ne suka fi damun likitoci, domin wayar da ke cikin zuciya tana iya zama kamar eriya. Tana iya tattara ƙarfin igiyar rediyo ta kai shi bakinta, wurin ya yi zafi ya ɗan ƙona naman da take kamawa, daga baya kuma na'urar ta buƙaci lantarki mai yawa kafin ta iya motsa zuciyar. Tana kuma iya ɗauko hayaniyar injin ta kai wa kwamfutar, kwamfutar ta zaci bugun zuciya take ji, sai ta daina aiko da nata. Ga wanda zuciyarsa ke bugawa da kanta wannan ba wani abu ba ne, amma ga wanda ya dogara da na'urar gaba ɗaya, 'yan daƙiƙoƙi na shiru sun isa su sumar da shi. Idan kuma na'urar irin mai girgiza zuciya da lantarki ce, wadda ake kira ICD, tana iya ɗaukar hayaniyar a matsayin mugun bugu mai sauri, ta yi yunƙurin girgiza mutum alhali lafiyarsa ƙalau. Wani lokaci kuma, ko da yake ba kasafai ba, kwamfutar kan rikice ta koma saitin da ta fito da shi daga masana'anta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan haɗurra yana da maganinsa, kuma maganin ana shirya shi ne kafin a shiga ɗakin.

Fara da katinka

Matakin farko a hannunka yake. Duk likitan da ya rubuta maka MRI, ko likitan ƙashi ne ko na ƙwaƙwalwa, ka gaya masa da bakinka cewa kana da batirin zuciya, kada ka ɗauka ya gani a fayil. Ka sake faɗa wa wanda zai ba ka ranar zuwa, ka kuma rubuta a takardar tambayoyin da za a ba ka. Maimaitawa a nan ba ta da laifi. Kada tsoron a ce ba za a yi maka hoton ba ya sa ka yi shiru, domin hoton da aka yi bisa ɓoyewa shi ne ainihin wanda ke kashe mutane.

Daga nan sai ka nemo katin da aka ba ka bayan dasa na'urar. Ɗan ƙaramin kati ne da bai fi katin shaida girma ba, amma a jikinsa akwai sunan kamfanin da ya ƙera na'urar, lambar samfurin akwatin, lambar samfurin kowace waya, da ranar da aka dasa su. Da waɗannan lambobi ne ma'aikata ke duba littafin kamfanin su ga abin da aka yarda a yi da wanda aka hana. Idan katin ya ɓace, ka koma asibitin da aka yi maka dashen ko wanda ke duba maka na'urar a fitar maka da bayanan, kuma ka yi haka tun da wuri, ba ana gobe hoton ba. Yana da kyau ka ɗauki hoton katin gaba da baya a wayarka, ka kuma ba wani na kusa da kai, saboda ranar da za a buƙace shi cikin gaggawa mai yiwuwa ba kai ne za ka yi bayani ba.

Kayan da ake sakawa a jiki an kasa su uku dangane da MRI. Akwai waɗanda ba su da matsala ko kaɗan, alamarsu kore ce. Akwai waɗanda aka haramta shiga da su, alamarsu ja ce. A tsakiya akwai masu alamar ruwan ɗorawa mai kusurwa uku, waɗanda ake rubuta wa "MR Conditional", ma'ana an yarda a shiga da su bisa sharaɗi. Babu batirin zuciya ko ɗaya da ke cikin rukunin kore. Saboda haka idan an ce maka na'urarka "mai shiga MRI ce", abin da ake nufi shi ne tana shiga idan an cika sharuɗɗa, ba wai an ɗauke maka shirin ba. An fara amfani da irin wannan na'ura a Turai a 2008, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da ta farko a 2011, kuma duka biyun na kamfanin Medtronic ne. A yanzu manyan kamfanonin da ke wannan sana'a, irin su Abbott da Boston Scientific da Biotronik, duk suna ƙera su, kuma galibin na'urorin da ake dasawa a 'yan shekarun nan irinsu ne, har da ƙaramar nan marar waya da ake sakawa kai tsaye cikin zuciya.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne su ɗauka akwatin kaɗai ake dubawa. Sharaɗin yana kan akwati da wayoyi a haɗe, kamar yadda kamfanin ya gwada su tare. Mutumin da aka dasa wa na'ura shekara goma sha biyar da suka wuce, batirinsa ya ƙare aka sauya masa sabon akwati aka bar tsofaffin wayoyin, yana iya riƙe da kati mai alamar ruwan ɗorawa alhali tsarin nasa gaba ɗaya bai cika sharaɗin ba. Haka nan idan akwatin na wani kamfani ne wayoyin kuma na wani. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tsohuwar waya da aka daina amfani da ita aka bar ta a jiki, ko wadda ta karye, ko wadda aka ɗinka a bayan zuciya lokacin tiyatar buɗe ƙirji. Gwaje-gwaje sun nuna cewa waya marar haɗi da akwati tana iya yin zafi fiye da wadda ke haɗe, kuma sau da yawa ba a rubuta ta a katin da ke hannunka. Idan ka san an taɓa sake yi maka aiki a wurin, ka faɗa. Idan akwai kokwanto, hoton ƙirji na yau da kullum, wato X-ray, yana nuna yawan wayoyin da ke ciki, kuma kada ka yi mamaki idan an tura ka ka yi shi tukuna.

Sauran sharuɗɗan gajeru ne. Yawanci ana so a ce an yi mako shida da dashen, domin bakin wayar ya kama nama sosai. Ana so batirin ya kasance da sauran ƙarfi, wayoyin kuma suna aiki daidai. Wasu na'urorin an yarda musu da injin tesla 1.5 kawai, wasu har da tesla 3, wasu tsofaffi kuma an hana a ɗauki hoton yankin ƙirji da su.

Idan na'urarka ba ta cikin masu sharaɗi

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya, domin a nan aka fi juya mutane gida ba tare da cikakken dalili ba. Rashin alamar ruwan ɗorawa yana nufin kamfanin bai gwada na'urar don MRI ba, ba yana nufin an tabbatar za ta cutar ba. A 2017 aka wallafa manyan bincike biyu a Amurka da suka sauya ra'ayin likitoci. Na farko, mai suna MagnaSafe, ya bi diddigin hotuna 1,500 da aka ɗauka da injin tesla 1.5 a sassan jiki ban da ƙirji, 1,000 a masu batirin zuciya, 500 kuma a masu ICD, duka da na'urorin da ba su da alamar. Babu wanda ya mutu, babu wayar da ta lalace lokacin hoton. Akwati ɗaya ne na ICD aka sauya, shi ma an gano ba a saita shi yadda ƙa'ida ta ce ba kafin shiga. Na biyu, daga asibitin Johns Hopkins, ya ƙunshi majinyata 1,509 da hotuna 2,103, har da na ƙirji. A hotuna tara ne kawai na'urar ta koma saitin masana'anta, kuma ɗaya tak daga cikinsu aka sauya, wadda dama batirinta ya kusa ƙarewa. A shekarar 2017 ɗin ce kuma ƙungiyar likitocin bugun zuciya ta Amurka ta fitar da matsayarta cewa ana iya yi wa irin waɗannan majinyata MRI da injin tesla 1.5 idan shi ne hoton da ya fi dacewa da cutarsu, kuma asibitin yana da tsari da ma'aikatan da za su kula.

Darasin da ke cikin waɗannan alƙaluma biyu ne, kuma dole a riƙe su tare. Haɗarin ƙarami ne, amma ƙarami ne saboda kusan kowane ɗaya daga cikin mutanen nan an saita masa na'ura an kuma tsaya a kansa. Ba kowane wurin ɗaukar hoto ne ke da likitan zuciya da kwamfutar saita na'ura ba, kuma wurin da ba shi da su ya yi daidai idan ya ƙi karɓar ka. Abin da bai dace ba shi ne maganar ta ƙare a nan. Ka koma wurin likitan zuciyarka ka tambaye shi kai tsaye: shin na'urar tawa ce ba za ta iya ba, ko kuwa wurin ne ba shi da kayan aiki? Idan wurin ne, ka nemi a tura ka inda ake yi. Idan kuma na'urar ce ke da matsala ta gaske, kamar karyayyiyar waya, likitocin za su auna amfanin hoton da haɗarinsa, su tattauna da kai, wataƙila su nemi ka sa hannu a takardar amincewa, ko su koma ga hoton CT ko na sautin nan da ake shafa wa fata ruwa mai yauƙi, waɗanda ba sa aiki da maganaɗisu.

Ranar hoton

Ka zo da wuri, domin za a ɗauki lokaci a kan na'urar kafin da bayan hoton, ka kuma zo da katinka da jerin magungunan da kake sha. Ka ci gaba da shan magungunanka kamar kullum sai dai idan an ce ka dakata, kuma batun ci ko rashin ci ya danganta da sashen jikin da za a duba, za a sanar da kai. Idan za a yi maka allurar ruwan da ke ƙara fito da hoto, mai sinadarin gadoliniyam, za a tambaye ka lafiyar ƙodarka, ƙila ma a ɗebi jini. Mace mai juna biyu ko mai zaton tana da shi ta faɗa tun kafin a fara. Ka ambaci duk wani ƙarfe da ke jikinka ban da batirin, ko ɗan maƙalin jijiyar ƙwaƙwalwa ne, ko na'urar ji da aka dasa a kunne, ko ɓarɓashin ƙarfe da ya taɓa shiga ido, domin wani lokaci hankalin kowa yana kan zuciya sai a manta da sauran. Agogo, waya, makulli, zobe, abin kunne da na gashi duk a waje za su tsaya.

A wani ɗaki na kusa, ba cikin ɗakin injin ba, ma'aikacin da ya ƙware kan na'urorin zuciya zai zaunar da kai, ya manna maka 'yan faifan auna bugun zuciya, ya ɗora wani abu mai kama da tafin hannu a kan fatar da ke rufe da akwatin, ko ya haɗa kwamfutarsa da na'urar ba tare da waya ba. Zai karanta ƙarfin batirin, ya auna kowace waya, ya rubuta lambobin don a gwada su da na bayan hoto. Zai kuma rage saurin na'urar na 'yan daƙiƙoƙi don ya ga ko zuciyarka tana da nata bugun. A daidai wannan lokacin kana iya jin ɗan jiri ko faɗuwar gaba, kuma yana wucewa da zarar ya mayar da saurin. Wannan gwaji ne ke yanke hukuncin saitin da za a ba ka.

Idan ka dogara da na'urar, za a sa ta riƙa bugawa a kan sauri ɗaya ba tare da sauraron komai ba, misali sau 80 ko 90 a minti, ta yadda hayaniyar injin ba za ta ruɗe ta ta yi shiru ba. Za ka iya jin zuciyarka ta ɗan fi yadda ka saba sauri, wannan da gangan ne. Idan kuwa zuciyarka tana da nata bugu mai kyau, sau da yawa ana dakatar da aikin na'urar ne na ɗan lokacin, don kada bugunta ya yi karo da naka. Mai ICD za a kashe masa sashen girgiza. Wannan yana nufin daga lokacin har a sake kunna shi ba shi da kariyar da ya saba da ita, shi ya sa ba a barin sa shi kaɗai, kuma ake ajiye na'urar farfaɗo da zuciya ta waje a kusa da ƙofa. Kana da damar ka tambayi wane saiti aka sa maka, wa zai tsaya yana kallon bugun zuciyarka, kuma wa zai mayar da saitin idan an gama. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Cikin injin, za ka kwanta a kan siririn gado da zai zame da kai cikin wani rami mai haske, buɗaɗɗe gaba da baya. Za a manna maka faifan auna bugu na musamman a ƙirji, a maƙala maka abin auna iskar jini a yatsa. Na yatsan yana da muhimmanci ƙwarai, domin injin yana dagula zanen bugun zuciya a allo, amma ba ya hana ganin bugun jini a yatsa. Za a ba ka abin toshe kunne saboda ƙarar tana iya wuce desibel 100, a kuma damƙa maka 'yar ƙwallon roba a hannu wadda idan ka matsa ƙararrawa za ta yi kuka wajen ma'aikata. Suna ganinka ta gilashi, suna jin muryarka, suna kuma yi maka magana tsakanin zango da zango. Za su kuma taƙaita ƙarfin igiyar rediyon da injin ke aikawa, wanda hakan kan sa hoton ya ɗan ƙara tsawo. Yawanci ana gamawa cikin minti 20 zuwa awa ɗaya.

Aikinka shi ne ka kwanta shiru ba motsi, kuma ka faɗi abin da kake ji. Ɗan ɗumi a jiki gaba ɗaya ba abin damuwa ba ne. Amma idan ka ji zafi ko ja ko motsi a wurin akwatin, ko bugun zuciya mai ƙarfi da ba ka saba da shi ba, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi yana yi maka wuya, ka matsa ƙwallon nan take. Wasu mutane, musamman dattawa, suna daurewa don kada a ce sun ɓata aiki ko sun cika raki. Wannan ba wurin dauriya ba ne, tsayar da injin daƙiƙa kaɗan yake ɗauka, kuma ana iya ci gaba daga inda aka tsaya. Wanda ke jin tsoron wuri matsattse ya faɗa tun ranar da aka ba shi lokaci, domin a shirya masa maganin kwantar da hankali a ƙarƙashin kulawa, kada ya sha wani abu da kansa daga gida.

Akwai wani abu da ba haɗari ba ne amma ya kamata ka sani. Ƙarfen akwatin yana jefa inuwa a hoton sassan da ke kusa da shi. Hoton kai ko gwiwa ko ƙugu ba ruwansa, amma na zuciya ko nono ko kafaɗar da ke gefen akwatin yana iya fitowa da baƙin tabo, musamman ga mai ICD wanda akwatinsa ya fi girma. Shi ya sa wani lokaci ake ce wa mutum ya ɗaga hannun wannan gefen sama da kansa, don akwatin ya ɗan nisanta daga zuciya.

Bayan an fito

Wannan ne matakin da bai kamata a yi sakaci da shi ba ko kaɗan. Kada ka sa tufafinka ka kama hanya sai an sake ɗora maka kwamfutar, an auna batiri da wayoyi, an gwada da lambobin farko, an kuma mayar da na'urar kan saitinta na asali. Saitin MRI na ɗan lokaci ne. Na'urar da aka bari tana bugawa ba ta sauraro tana iya karo da bugun zuciya, wadda aka bari a dakace ba za ta taimaka ba ranar da bugun ya yi jinkiri, ICD ɗin da ba a sake kunnawa ba kuwa tamkar babu shi ne. Wasu sababbin na'urori suna komawa da kansu bayan wasu awanni, wasu ma suna gane injin su shiga saitin su fita da kansu idan an shirya su tun a asibitin zuciya, amma ko da taka irin wannan ce, ka ji daga bakin ma'aikacin cewa ta koma. Ka tambaya a fili: an mayar da saitin? Mai ICD ya ƙara da cewa: an kunna girgizar?

Idan lambobin sun yi daidai da na farko, za ka koma harkokinka a ranar, ka ci gaba da zuwa duba na'ura kamar yadda ka saba, ko da yake mai tsohuwar na'ura akan so a sake ganinsa cikin wata uku zuwa shida. Idan an ga wani canji a wayar, za a ba ka rana ta kusa, sau da yawa cikin mako guda, kuma galibin irin waɗannan ƙananan canje-canje suna daidaita da kansu ko a gyara su da saiti. A kwanakin da suka biyo baya, idan ka ji jiri, ko ka suma, ko kasala da ba ka saba da ita ba, ko bugun zuciya ya rikice, ko ICD ya girgiza ka, ka nemi asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba, kuma ka gaya musu an yi maka MRI kwanan nan.

Yin hoton sau ɗaya lafiya ba ya zama lasisi na dindindin. Batiri yana raguwa, waya tana tsufa, zuciyar da ke bugawa da kanta bana tana iya dogara da na'urar baɗi, injin wani asibiti kuma ba lallai ya zama irin na wancan ba, don haka duk lokacin da aka sake rubuta maka MRI daga farko za a sake bin matakan. Ka nemi a ba ka kwafin takardar binciken na'urar na ranar, wadda ke nuna saitin da aka yi amfani da shi da ƙarfin injin da aka shigar da kai, ka ajiye ta wuri ɗaya da katinka, domin ita ce abu na farko da ma'aikatan gaba za su so su gani.